Gudun Miƙa Sanda: Inda Hannu Ya Fi Ƙafa

Ranar 22 ga Agusta, 2008, a gasar Olamfik ta birnin Beijin, ko musu ba a yi a kan ƙasar da za ta ci tseren mata na miƙa sanda, wanda mutum 4 ke raba mita 400 a tsakaninsu. Kowa ya ba Jamaika. Kwanaki kaɗan kafin nan 'yan matanta sun kwashe lambobin tseren mita 100 kakaf: Shelly-Ann Fraser ta ɗauki zinare, Sherone Simpson da Kerron Stewart suka iso tare, aka rasa wadda ta riga wata, aka ba kowacce azurfa. Ta huɗunsu, Veronica Campbell-Brown, ita ta ci mita 200. Amurka kuwa, wadda ita kaɗai ake ganin za ta iya ja da su, tun a zagayen share fage ta yar da sandarta ta koma 'yar kallo.

Aka harba bindiga. Fraser ta miƙa wa Simpson lafiya lau. Simpson ta iso wurin Stewart, hannu na neman sanda, sanda na neman hannu, ba su haɗu ba har wuri ya ƙure. Birtaniya ma haka ta faru da ita. Can gefe ga 'yan Najeriya: Franca Idoko, Gloria Kemasuode, Halimat Ismaila da Oludamola Osayomi, waɗanda ko ɗaya a cikinsu ba ta kai zagayen ƙarshe na mita 100 ba. Sau 3 suka miƙa, sau 3 aka karɓa, suka shigo na uku a daƙiƙa 43.04. Bayan shekara 8 aka sake gwajin 'yan wasan da suka yi gasar, aka kama ɗaya daga cikin 'yan Rasha, waɗanda suka ci tseren, da ƙwayoyin ƙara kuzari, aka ƙwace zinarensu aka ba Beljiyam, tagullar Najeriya ta koma azurfa.

Mai son raina abin zai ce sa'a ce, manya suka yi tuntuɓe yara suka tsinci dami a kala. Ban yarda ba. Abin da Jamaika ta kasa a ranar shi ne ainihin wasan, kuma shi 'yan Najeriya suka iya.

Duk wanda ya taɓa zuwa intahaus, wato gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai, a makarantun Kafanchan, Kagoro, Kwoi ko Zonkwa ya san cewa gudun miƙa sanda ake ajiyewa sai can yamma, lokacin da ƙurar hunturu ta gama shafa wa kowa fari a gira, babban baƙo ya fara duba agogo, amma ba mai tafiya. A lokacin ne 'yan matan makarantun da aka gayyato ke fitowa, a lokacin ne iyaye mata ke tsallake igiya su shiga fili. Sai dai idon jama'a duk a ƙafa yake. Ana gamawa a ɗaga ta ƙarshe sama, a ce ita ta ciyo wa gidansu. Sau da yawa ba ita ba ce, tun a kwana ta biyu aka gama cin tseren, a cikin wani ɗan motsi na hannu da ko malamin wasanni bai lura da shi ba.

Ga wani lissafi da zai nuna maka girman wannan ɗan motsi. A tarihi babu macen da ta kai Florence Griffith-Joyner ta Amurka sauri a mita 100: daƙiƙa 10.49, a 1988. Da za a samu irinta guda 4, kowacce ta yi nata gudun daga tsaye, jimillarsu daƙiƙa 41.96 ke nan. Amma a Landan, a 2012, Tianna Madison, Allyson Felix, Bianca Knight da Carmelita Jeter sun zagaye fili da sanda a daƙiƙa 40.82, suka kawar da tarihin da Jamus ta Gabas ta riƙe tun 1985. Babu ɗaya a cikinsu da ta taɓa kamo Griffith-Joyner, amma a haɗe sun wuce ta sau 4 da fiye da daƙiƙa guda. Ina rarar ta fito? Mai gudun mita 100 tana asarar kusan daƙiƙa guda wajen tashi daga durƙuso kafin gudu ya kankama. A miƙa sanda ta farko ce kaɗai ke biyan wannan haraji. Sauran 3 suna karɓa ne a guje, muddin sun iya. Agogon alƙalai sanda yake bi. Ita ce ke tsere, 'yan matan ɗaukar ta kawai suke yi, kuma duk gwanintar ita ce kada sandar nan ta rage sauri daga fitarta har komawarta.

Sandar kanta ba wani abin a zo a gani ba ce. Bututu ne mai santsi, tsawonsa santimita 28 zuwa 30, nauyinsa bai gaza giram 50 ba. Doka ta hana sa safar hannu, ta hana shafa wani abu mai danƙo a tafi. An shata wuri mai tsawon mita 30 inda dole miƙawa ta faru a cikinsa. Kafin 2018 mita 20 ne, da ƙarin mita 10 na ɗaukar gudu a bayansa, daga baya aka haɗe su. Alƙali ba jikin 'yar wasa yake kallo ba, inda sanda take yake kallo: idan ta shiga hannun mai karɓa bayan ta tsallake layin ƙarshe, ko da taƙi ɗaya ne, an soke ku duka. Mita 30 a takarda kamar fili ne mai yalwa. A guje kuwa daƙiƙa 3 ne da 'yan kai.

Sirrin farko alama ce. Kafin a tashi za ka ga mai karɓa ta juya baya tana taku, diddige na taɓa yatsa, tana ƙirgawa a zuci, ashirin da wani abu, sannan ta duƙa ta manna ɗan farin salatef a layinta. Doka ta ba ta guda ɗaya tak, kada ya wuce santimita 40 a tsawo. Wannan ƙirgen ba na kowa da kowa ba ne, na mutum biyu ne, ita da wadda za ta kawo mata, kuma an samo shi ne bayan maimaitawa har ba iyaka. Idan aka sauya mai kawowa, ƙirge ya sauya. Idan iska na turo ta daga baya, a ƙara taku. Idan fili ya jiƙe ko ta riga ta yi wani tseren ta gaji, a rage. Daga nan mai karɓa ta koma wurinta ta rusuna, ta leƙo ta gefen kafaɗa, ta kafa wa salatef ɗin ido. Da ƙafar 'yar'uwarta ta taka shi, sai ta juya ta zuba da iya ƙarfinta kamar ba abin da take jira daga baya, kuma ba za ta sake waiwaye ba.

A nan ne ake gane mai zuciya. Ka ɗauka kai ne a tsaye: fili ya ɗauki ihu, mutum 8 sun taso maka a guje, ta layin da ke kusa da kai ta riga ta tashi, duk jikinka na cewa tafi, ana barin ka. Ga shi dole ka tsaya sai an taka alama. Wadda ta riga lokaci da kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa ta buɗe tazarar kusan mita guda, ita da sabon ƙarfi, mai bin ta kuwa ƙafafu sun fara nauyi, tazarar sai ƙaruwa. Ƙarshenta ko ta taka birki ta jira, ko su fice daga wurin miƙawa hannu wofi. Sauri ya haifi nawa ke nan. Wadda ta makara kuma, 'yar'uwarta za ta zo ta hau bayanta, dole ta rage gudu, duk saurin da ta tara tun daga nesa ya zube a banza. Ka dubi yaron mota a tashar Kafanchan: idan ya cire dutsen da ya tare taya direba ya ja, ba daga tsaye yake dira cikin mota ba, bin ta yake yi da gudu sai saurinsa ya zo daidai da nata, sannan ya kama ƙofa a hankali kamar motar a tsaye take. Daidaiton nan ake nema, sai dai a nan duka biyun mutane ne, ɗaya na gajiya ɗaya na ƙara wuta, kuma wurin da saurinsu zai zo ɗaya bai fi taku 2 ko 3 ba.

Idan lokacin ya yi, mai kawowa ce ke magana. Kalma ɗaya, gajera, da ƙarfi. Sai hannu ya fito baya. Kafin kiran mai karɓa tana gudu ne da hannayenta biyu, domin gudu da hannu a miƙe baya yana cinye sauri. Bayan kiran kuma aikinta guda ne, ta kafe hannun kada ya motsa. Babban kuskuren sabon shiga shi ne lalube: ta ji shiru, sai ta fara kaɗa hannu tana neman sanda, mai kawowa ta rasa inda za ta saka. Alhakin miƙawa yana wuyan mai gani ne. Ita ce za ta dubi tafin, ta danna sanda a ciki, kuma ba za ta saki ba sai ta ji an ja. Da yake layi 8 ne ke kira a lokaci ɗaya, dole mai karɓa ta san muryar tata a cikin hayaniya. A nan 'yan matanmu na da wata gata ta kyauta: a filin da ake jin Hausa da Jju da Tyap da Hyam, ƙungiyar da ta zaɓi kalmar kira daga harshen gida ba mai ruɗa ta.

Riƙon hannun kansa iri 3 ne, kuma kociyoyi har gobe ba su daina gardama a kai ba. Akwai na ƙasa, inda mai karɓa ke sauke hannu ta ware babban yatsa da manuni, a cuso sanda daga ƙasa zuwa sama. Ba ya ɓata tsarin gudu, amma dole su matso kusa da juna, kuma kowace miƙawa tana cin wani yanki na sandar, har ta ƙarshe ta samu ɗan guntu kawai na kamawa idan ba a kula ba. Da irin wannan mazan Japan suka ɗauki azurfa a Riyo a 2016, alhali a lokacin babu ɗayansu da ya taɓa yin mita 100 a ƙasa da daƙiƙa 10. Akwai na sama, tafi na kallon sama a ɗora sanda a kai. Akwai na turawa, hannu a ɗage, babban yatsa na kallon ƙasa, a turo sanda a tsaye ta shige tafi. Waɗannan biyun suna ba da riba: hannun mai kawowa a miƙe, na mai karɓa a miƙe, sanda ta tsallake kusan mita guda ko fiye wanda ba ƙafar da ta taka shi. Sau 3, ka ga an samu mitoci a ɓagas. Ni dai a ganina, ga 'yan makaranta na turawa ya fi, domin mai kawowa tana ganin tafin sosai. Amma kowanne aka zaɓa, a tsaya a kansa, ƙungiyar da ke sauya riƙo duk mako ba ta iya ko ɗaya ba.

Sai kuma abin da 'yan kallo ba su cika lura da shi ba: sanda ba ta sauya hannu a jikin mutum ɗaya. Ta farko ta riƙe da dama, ta biyu da hagu, ta uku da dama, ta huɗu da hagu. Faɗin layi mita 1.22 ne kacal, kuma mutum biyu za su shiga cikinsa a guje. Masu kwana, wato ta farko da ta uku, suna manne wa gefen ciki don rage nisa, sanda a hannun dama, tana tsakiyar layi. Masu miƙaƙƙiyar hanya suna bin gefen waje, hannun hagu na tsakiya. Haka kafaɗa ba ta gogar kafaɗa, ƙafa ba ta harɗe ƙafa. Rabon matsayi ma ilimi ne. Ta farko mai kunnen bindiga ce. Ta biyu da ta uku su ne jakunan aikin, kowacce tana karɓa tana bayarwa, kuma da yake tun daga farkon wurin miƙawa suke tashi, gudunsu yakan kai mita 120 ko fiye. Shi ya sa koci mai wayo yakan ɓoye gwanarsa a matsayi na biyu, ya bar na huɗu ga wadda ba ta firgita idan ta ji numfashi a ƙeyarta.

Da wannan sana'a matan Najeriya suka fara shiga littafin Olamfik. A Basalona, a 1992, Beatrice Utondu, Faith Idehen, Christy Opara-Thompson da Mary Onyali suka yi daƙiƙa 42.39 a zagayen da ya gabaci na ƙarshe, lokacin da ya zauna a matsayin tarihin Afirka har shekara 30. A zagayen ƙarshe Amurka da tsohuwar Tarayyar Sobiyat suka wuce gaba, Onyali ta faɗa layi kusan tare da 'yar Faransa. 42.81 da 42.85: tazarar ba ta kai kamu ɗaya ba. Su kansu ba su san matsayinsu ba sai da allo ya nuna, kuma hoton da Ken Geiger ya ɗauka na su huɗun a daidai lokacin da suka ga sakamakon yana cikin waɗanda suka ciyo lambar Pulitzer a 1993. Wannan tagulla ita ce lambar Olamfik ta farko da matan Najeriya suka taɓa samu. Bayan shekara 2, a gasar ƙasashe rainon Ingila da aka yi a Kanada, zinare matan Najeriya suka ɗauko.

Na mita 400 sau 4 wani fanni ne daban, ba zan daɗe a kansa ba. Can mai kawowa tana isowa ne a galabaice, ƙafa na rawa, don haka mai karɓa ce ke juyowa ta kalle ta, ta auna ragowar ƙarfinta, ta zare sandar da kanta a cikin turereniya. A Atlanta, a 1996, 'yan Najeriya Olabisi Afolabi, Fatima Yusuf, Charity Opara da Falilat Ogunkoya sun yi minti 3 da daƙiƙa 21.04, Amurka ta tsira da kyar da 3:20.91. 

A na mita 100 sau 4 kuwa, tarihin Beijin ya maimaita kansa a gasar duniya ta Yujin, a Amurka, a 2022. Jamaika ta sake share lambobin mita 100 duka 3, ta zuba su a miƙa sanda, sai ga 'yan Amurka 4 da ko ɗaya ba ta ci lambar kanta a gasar ba sun doke su, 41.14 da 41.18. A tseren nan 'yan Najeriya Joy Udo-Gabriel, Favour Ofili, Rosemary Chukwuma da Grace Nwokocha suka zo na huɗu da 42.22, suka kawar da tarihin su Onyali. Bayan mako 2, a Bamingam, 'yan Najeriya suka ci zinare da 42.10 tare da Tobi Amusan, amma gwaji ya kama ɗaya daga cikinsu, aka karɓe lambar daga hannun duka huɗun. Wasan haka yake, laifin mutum ɗaya kowa ke biya. A 2023 kuma Kwaddibuwa ta yi 41.90 a Budafes, tarihin Afirka ya bar gidanmu.

Ba ƙarancin masu sauri ke damun Najeriya ba. Gwanayenmu a warwatse suke, yawancinsu a jami'o'in Amurka, kowacce da kocinta da jadawalinta, sai gasa ta matso a tara su a ce su saba da juna cikin 'yan kwanaki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙirgen takun nan da sanin murya da amincewar da za ta sa mutum ya zuba a guje bai waiwaya ba, watanni suke ci.

To abin da ƙungiyar ƙasa ta rasa, makarantar kwana ta 'yan mata a Kwoi ko Zonkwa tana da shi a hannu: yara 4 da ke kwana ɗaki ɗaya, suna cin tuwo ɗaya, shekara 3 ko 6 a jere. Haka ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. An saba cewa yankinmu na duwatsu ne, a nemi masu gudun fanfalaki irin na Pankshin, kuma ba laifi a nema. Amma miƙa sanda ba ya jiran a shimfiɗa mana filin roba irin na manyan birane, ba ya jiran takalmi mai ƙusa. Guntun fayif na ruwa ko gora da aka yanka daidai santimita 30, toka ko farar ƙasa ta shata layi, tsinke ko murfin kwalba a madadin salatef, da wayar malami ta auna lokaci, an gama sayayya. Iyayen da ke ɗari-ɗari saboda sutura su ma su kwantar da hankali, dokar wasan ba ta wajabta gajeren wando ba. Ruqaya Al-Ghasra ta Bahrain a rufe ruf ta yi tsere a Olamfik na 2004 da 2008, kuma a haka ta ci zinaren mita 200 a gasar Asiya ta 2006.

Ga gwajin da kowane malamin wasanni zai iya yi gobe da yamma. A auna kowacce cikin yaran 4 a mita 100 ita kaɗai, a haɗa jimilla. Sannan a ba su sanda su zagaye fili. Ƙungiyar da ta ƙware takan rage daƙiƙa 2 zuwa 3 daga jimillar. Idan naku bai ragu ba, ko ma ya ƙaru, to a tsaye suke karɓa, kuma kuna kyautar da mita 15 ko fiye ga duk makarantar da ta iya, tazarar da babu yarinyar da za ta rufe ta a matsayi na huɗu komai saurinta.

Don haka malaman wasanni da shugabannin makarantu na Jama'a, Kaura, Jaba da Zangon Kataf, a daina zaɓen 'yan miƙa sanda ana saura mako guda intahaus. A fitar da su tun zangon farko, mutum 6 saboda rashin lafiya da jarrabawa, a ba kowacce matsayinta da abokiyar miƙawarta, a rubuta ƙirgen takunsu a littafi, a bar su suna maimaitawa sau 2 a mako har hunturu ya shigo.